Janar John Moore da Sojoji Masu Saurin Taku

Ɗalibi, idan ka taɓa kallon faretin soja, ka ga yadda ƙafafun sojoji suke bin kiɗan badujala. Yawancin rundunonin Birtaniya sukan yi taku wajen 120 a minti ɗaya. Amma akwai wata runduna mai suna Rifles, wadda take yin taku 140. In kana son sanin asalin wannan sauri, sai ka san tarihin Janar John Moore.

An haifi Moore a birnin Glasgow, a ƙasar Sikotland, a shekarar 1761. Mahaifinsa likita ne. Ya shiga soja a 1776, tun bai cika shekara 15 ba. Ya yi yaƙi a Amurka da Holan da Masar.

A zamaninsa, sojojin ƙasa sukan tsaya a jere, kafaɗa da kafaɗa, su yi harbi tare. Wanda ya yi laifi kuwa ya sha bulala. Moore bai gamsu da wannan tsari ba. A 1803, lokacin da ake fargabar Napoleon na Faransa zai kawo wa Ingila hari, aka ba shi shugabancin sansanin Shorncliffe. A can ya horar da rundunoni uku, wato ta 43 da ta 52 da ta 95. Ya koya musu bazuwa a fagen fama, da fakewa, da zafin nama, da aiki da hankalinsu ko babu hafsa a kusa. Ya kuma hori hafsoshi su san mutanensu, su mutunta su. Da yake irin waɗannan sojoji a warwatse suke yaƙi, da busar begila ake ba su umarni, ba da ganga ba.

A 1808 ya jagoranci sojojin Birtaniya zuwa Spain. Da Faransawa suka fi su yawa, ya janye da su ta cikin duwatsu, cikin tsananin sanyi, har bakin teku a Coruña. Ranar 16 ga Janairu, 1809, harsashin igwa ya same shi a kafaɗa. Bai cika ba sai da ya ji an kori abokan gaba. A can aka binne shi, sojojinsa suka shiga jiragen ruwa suka tsira.

Rundunar Rifles ita ce ta gaji waɗancan rundunoni uku. Saurin takunta da begilarta suna tuna wa mutane shugaban da ya yarda cewa ƙaramin soja ma yana da hankali.