WOLFGANG VON KEMPELEN: Ma'aikacin Gwamnatin Da Ya Koya Wa Akwati Magana

Na'urori biyu ne suka fito da sunan Wolfgang von Kempelen a ƙasashen Turai. Ta farko yaudara ce, ya ƙera ta cikin kimanin wata 6, sarakuna suka yi ta rububin ganinta. Ta biyu kuwa aikin gaskiya ce, ta ci masa fiye da shekara 20 yana gwaji yana rushewa, amma ba ta sami rabin wannan farin jini ba. Sai ga shi a kan ta biyun ne masana suka ɗora ilmin sa na'ura ta yi magana.

An haife shi ran 23 ga Janairu, 1734, watau zamanin da Kumbari yake sarautar Kano, a birnin Pressburg na ƙasar Hangari. Wannan birni shi ne Bratislava, hedkwatar ƙasar Slovakiya a yau. Ya karanta shari'a da falsafa, ya kuma ƙware a harsuna da dama, cikinsu har da Jamusanci da Latin da Faransanci da Italiyanci. A 1755 ya kama aiki a ofishin baitulmalin Hangari, ƙarƙashin mulkin Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya.

Shi dai Kempelen ba malamin jami'a ba ne, ma'aikacin gwamnati ne wanda ya hau matakai ɗaya bayan ɗaya. An ba shi kula da ma'adinan gishiri, wanda a wancan zamani babbar hanyar samun kuɗin gwamnati ce. An tura shi lardin Banat ya lura da tsugunar da manoma baƙi. Ya shirya injin jawo ruwa zuwa lambun fadar Schönbrunn da ke Viyana, irin aikin da injiniyoyin ban-ruwa na Kadawa da Kura za su gane wahalarsa ba sai an faɗa musu ba. A 1777 yana cikin waɗanda suka shugabanci ƙaurar da jami'ar ƙasar zuwa birnin Buda, a 1779 kuma ya ƙera wa wata makauniya gwanar kiɗa, Maria Theresia von Paradis, injin buga rubutu da hannu domin ta riƙa aika wasiƙa da kanta. Duk binciken da ya yi kan magana, a lokacin da ya rage masa bayan aikin ofis ya yi shi.

A 1769 wani Bafaranshe mai suna Pelletier ya nuna wasan rufa-ido da mayen ƙarfe a gaban Sarauniya. Kempelen yana wurin, bai ga abin mamaki ba, ya kuwa ɗauki alkawarin kawo wanda ya fi shi. A 1770 ya dawo da wani mutum-mutumi sanye da rawani da alkyabba irin ta Turkawa, yana zaune a bayan wani babban akwati, yana buga darar Turawa da ake kira ces. Kafin a fara wasa sai Kempelen ya buɗe ƙofofin akwatin ɗaya bayan ɗaya, ya haska kyandir, 'yan kallo su ga ƙarafa da ƙafafun agogo. Abin da ba su gani ba shi ne gwanin dara da ke ɓoye a ciki, yana gusawa daga wannan sashe zuwa wancan sa'ad da ake buɗe ƙofofin, yana kuma sarrafa hannun mutum-mutumin.

Mutum-mutumin nan ya zame masa alaƙaƙai. Bai ɗauke shi a bakin komai ba, har ya kwance shi ya ajiye, amma a 1781 Sarki Joseph na Biyu ya umurce shi ya sake haɗa shi domin baƙi daga Rasha. Daga 1783 zuwa 1784 ya zaga da shi Paris da Landan da garuruwan Jamus. A Paris ya kara da Benjamin Franklin, ya kuma sha kaye a hannun Philidor, gwanin dara na zamanin. A cikin wannan tafiya Kempelen yakan fito da ɗan akwatinsa mai magana ya nuna. To, da yake an riga an fara zargin akwai mutum a cikin babban akwatin, sai waɗansu suka ɗauka ƙaramin ma dabara ce. Ƙaryar da ya yi da wasa ita ta shafa wa gaskiyarsa kashin kaji.

Tun 1769 ya fara neman hanyar kwaikwayon muryar ɗan Adam. Da farko ya duba kayan busa, ya ga wanda ya fi kusa da murya shi ne mai ɗan harshe da ke kaɗawa idan iska ta bi ta kansa, kamar wanda ke bakin algaita. Ya sami irin wannan harshe, ya haɗa shi da zugazugin hura wuta da bakin wani abin busa mai faɗi. Da ya riƙa rufe bakin da tafin hannu yana buɗewa, sai ya ji wani abu mai kama da wasula. Ba shi kaɗai ne a wannan fage ba, domin a 1780 wani masani, Kratzenstein, ya ci kyautar Cibiyar Kimiyya ta St. Petersburg da bututai masu fitar da wasula 5. Amma wasali ba magana ba ne, burin Kempelen kuwa kalma da jimla.

Daga nan ya bi hanyar da kowa zai zata ita ce daidai. Ya ƙera na'ura mai madannai, kowane sauti da nasa bututun, da nufin idan an danna su bi da bi kalma za ta fito. Ya daɗe a kan wannan, har ya sami wasula da baƙaƙe kaɗan, amma kalma ta ƙi haɗuwa. Kowane sauti yakan fito a ware, ya yanke kafin na gaba ya shigo, kamar yaron da ke haɗa baƙi a allo bai kai ga tashi ba. A nan ne ya gano abin da ya zama ginshiƙin aikinsa duka: mutum ba ya jera sautuka kamar tsakiya a zare. Maƙogwaro ɗaya gare shi da baki ɗaya, kafin ya gama furta baƙi bakinsa ya riga ya fara shirin wasalin da ke biye. Saboda haka ya yi watsi da aikin shekaru, ya koma farko. Wannan shawara, ba ƙirar akwatin ba, ita ce babbar bajintarsa.

Na'urar ƙarshe ta bi tsarin jikin mutum. Zugazugi ya tsaya a matsayin huhu, ana danna shi da damtsen hannun dama. Iska takan shiga wani ɗan akwatin katako, ta wuce ta kan siririn harshe na hauren giwa mai shimfiɗar fata, wanda shi ne maƙogwaro. Baki na roba ne mai kamar mazurari, hannun hagu ke rufe shi da buɗe shi da sauya masa siffa. Akwai ƙananan bututai 2 a matsayin hanci, waɗanda ake toshewa da yatsu, sai idan za a furta m ko n a sake su. Akwai kuma madannai na s da sh da r. Muryar ta fito kamar ta ƙaramin yaro, kuma wannan ya rufa mata asiri, domin ba a tsananta wa yaro idan ya karya harshe. Inda wani baƙi ya gagara, Kempelen yakan saka makusancinsa, kunnen mai sauraro ya cike sauran.

A 1791 ya buga littafinsa a Viyana, mai shafi fiye da 400, kan yadda maganar ɗan Adam take aiki. Ya bayyana aikin huhu da harshe da leɓɓa da hanci, ya yi bayanin matsalolin furuci da gyaransu, sa'an nan ya zana na'urar dalla-dalla domin wani ya ƙera ya kuma inganta. Mutumin da bai taɓa tona asirin mutum-mutuminsa ba, a nan bai ɓoye komai ba. Ya nuna cewa cikin mako 3 mutum zai iya koyon sarrafa ta da Latin ko Faransanci ko Italiyanci, amma Jamusanci ya fi wuya saboda cunkoson baƙaƙe.

Da Hausa aka gwada ta, da ta gamu da wata matsalar dabam. Na'urar da ya zana a littafin murya ɗaya take bi, ba hawa ba sauka. Hausa kuwa da karin sauti take rarrabe ma'ana. Baba mahaifi dabam, baban da marinan Kura suke rini da shi dabam, alhali baƙaƙen da wasulan iri ɗaya ne a rubuce. Abin sha'awa, rabin da ya gagari Kempelen shi ne wanda makaɗin kalangu ya mallaka. Shi ba ya fitar da baƙi ko wasali, tsarkiya kawai yake matsawa a hammata yana sassautawa, amma wanda ya san take ya ji magana sarai.

Ya bar aikin gwamnati a 1798, ya mutu a Viyana ran 26 ga Maris, 1804, 'yan makonni bayan hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu. Ɗansa ya sayar da mutum-mutumin ga Johann Mälzel, wanda ya sa shi ya kara da Napoleon a 1809, daga bisani ya kai shi Amurka. A can ya ƙone ƙurmus a wata gobara a Philadelphia a 1854.

Littafin kuwa ya ci gaba da aiki. A 1837 Charles Wheatstone na Ingila ya ƙera na'urar bisa zanen Kempelen. Wani saurayi, Alexander Graham Bell, ya gan ta a gidan Wheatstone, ya koma gida shi da ɗan'uwansa suka ƙera kan mutum mai magana, a 1876 kuma ya yi rajistar wayar tarho. A 1939 Homer Dudley ya nuna Voder a bikin baje koli na New York, inda lantarki ya maye gurbin zugazugi, amma har ila yau da hannu da ƙafa ake sarrafa ta.

A 1967 John Chowning na Jami'ar Stanford ya gano cewa idan aka sa wani sauti ya riƙa girgiza wani da matuƙar sauri, sai a sami sabuwar murya, ta ƙararrawa ko ta ƙaho ko ta ganga. Wannan dabara ita ake kira FM, kuma tushenta ɗaya da na tashoshin rediyon da ke ɗauke da wannan suna. Kamfanin Yamaha na Japan ya sayi izinin amfani da ita, ya fitar da abin kiɗa DX7 a 1983, ya kuma dunƙule dabarar cikin 'yan ƙwayoyin lantarki da ba su kai ɗan yatsa ba. Ɗaya daga cikinsu, YM2612, mai muryoyi 6, ita ce ke kiɗa a akwatin wasan talabijin na Sega Mega Drive da ya fito a 1988. A cikin ire-iren ƙwayoyin nan akwai wani tsari na kwaikwayon magana: wani ɗan agogo yana bugawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, kamar harshen hauren giwa, kowane bugu kuma yana tayar da sautuka 4 da aka daidaita su da amon kogon baki. Kamfanin Game Arts ya yi amfani da wannan tsari a wasan Silpheed na 1986, har kwamfutar ta yi magana da wata murya mai kaushi. Masu shirya kiɗa da tsofaffin akwatunan wasa suna gwada shi har yanzu, suna kuma cin karo da abin da Kempelen ya ci karo da shi: wasali yakan fito da sauƙi, haɗa shi da baƙi ne aiki.

Wata na'urar magana da ake dangantawa da shi tana ajiye a gidan tarihin kimiyya na Deutsches Museum da ke birnin Munich a Jamus, da zugaziginta da ɗan akwatinta na katako.