Tarihin Kulod Bernar, Bafaranshen Da Ya Gano Cewa Hanta Sito Ce

 A yau za mu leƙa ƙasar Faransa ne, domin mu kawo muku tarihin wani likita mai suna Kulod Bernar, wanda ya rasu tun cikin shekarar 1878. Mai yiwuwa wani ya ce, mene ne haɗin ɗan kasuwa da wannan Bature? To ga haɗin. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan dako yana sauke buhunan masara daga tirela a kasuwar Ɗan Isa ko ta Ƙonni cikin watan azumi, tun hantsi har la'asar, alhali ko ƙwayar hatsi ba ta shiga cikinsa ba tun sahur, ya kamata ya tambayi kansa daga ina wannan ƙarfi yake fitowa. Bernar ne mutum na farko da ya ba da amsa mai hujja, kuma amsar tana cikin hanta.

Shi dai wannan bawan Allah an haife shi ranar 12 ga watan Yuli na shekarar 1813, a wani ɗan ƙauye da ake kira San-Juliyan, arewa da birnin Liyon. Mahaifinsa manomin inabi ne da bashi ya yi wa katutu. Yaron bai yi wani fice a makaranta ba, don haka tun bai cika shekara 20 ba aka kai shi wurin wani mai farmasi a bakin birnin Liyon, inda aikinsa shi ne shara da wankin kwalabe da kai saƙo. A can ne ya ga wani abu da ya tsaya masa a rai. Akwai wani magani da ake kira tiryak, wanda mutanen lokacin suke rububinsa suna cewa babu cutar da ba ya warkarwa. Shi kuwa maigidan, duk wani ragowar magani da wanda ya lalace, sai ya hana a zubar, ya sa a tara a zuba cikin tulun tiryak. Mu da muke ganin masu tallar maganin cuta casa'in da tara a bakin tasha ranar kasuwa, wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu.

Abin mamaki, a lokacin nan ba likitanci ne a zuciyarsa ba. So yake ya zama marubucin wasan kwaikwayo. Ya rubuta wani ɗan wasan barkwanci da aka nuna a Liyon har ya samu ƴan kuɗi, sai kansa ya yi girma, ya rubuta wani dogo, ya ɗauka ya nufi birnin Paris a shekarar 1834. Wani babban malamin adabi mai suna San-Mark Jirardan ya karanta, ya ba shi shawarar ya je ya nemi sana'ar da zai ci abinci da ita, tun da ya san kan magunguna ya karanta likitanci. Bernar ya haɗiye takaicinsa ya bi shawara. A can ma ba shi ne zakara ba, domin a jarrabawar shiga aikin asibiti ta shekarar 1839 ya zo na 26 cikin mutum 29 da aka ɗauka.

Sa'arsa ita ce haɗuwa da wani malami mai zafin rai da ake kira Faransuwa Majandi, wanda ba ya yarda da abin da ke cikin littafi sai ya gani da idonsa a jikin dabba. Majandi ya lura yaron yana da hannun fiɗa, sai ya ɗauke shi mataimaki a shekarar 1841 a babbar makarantar nan ta Kolej-da-Farans. A 1843 ya zama cikakken likita, inda ya yi bincikensa a kan ruwan da tumbi ke fitarwa don narkar da abinci. Ya nuna cewa in aka ɗura wa dabba sukarin rake kai tsaye cikin jijiyar jini, jiki ba ya amfana da shi, fita yake yi ta fitsari, amma in aka fara jiƙa shi da ruwan tumbi sai jiki ya karɓe shi. Shekara guda bayan haka ya faɗi jarrabawar zama malamin jami'a, aljihu kuma babu komai, har ya fara tunanin komawa ƙauye. Sai wani abokinsa ya haɗa shi aure a 1845 da ɗiyar wani likita mai hali, sunanta Fani Martan. A al'adar Turawan lokacin uban amarya ne ke haɗo ta da dukiya, kamar gara amma ta tsabar kuɗi, kuma da wannan kuɗi ne ya ci gaba da bincike. Za mu dawo kan wannan aure, domin bai yi daɗi ba.

Yanzu sai labarin zomaye, kamar yadda shi kansa ya bayar. Wata rana aka sayo masa zomaye daga kasuwa aka aje a kan tebur, sai suka yi fitsari. Wani da sai ya sa a goge kawai. Shi kuwa ya lura fitsarin garau yake kuma mai tsami, irin na dabbobi masu cin nama, alhali fitsarin mai cin ciyawa gurɓatacce ne mai ɗabi'ar kanwa. Sai ya yi tunanin cewa zomayen nan sun daɗe ba su ci komai ba, saboda haka naman jikinsu suke ci. Ya ba su ciyawa, fitsari ya gurɓace. Ya hana su, ya koma garau. Daga nan ya shiga ba su dafaffen naman shanu, sannan ya buɗe cikinsu don ya ga yadda naman ke narkewa. A nan ya ga wasu ƴan siraran jijiyoyi da ke kwasar maiƙo daga hanji sun yi fari fat kamar madara, amma farin bai fara ba sai kimanin santimita 30 ƙasa da bakin tumbi, alhali a cikin kare tun daga sama yake farawa. Da ya duba da kyau, sai ya ga daidai wurin ne bututun wata tsoka mai laushi da ke kwance kusa da tumbi, wadda likitoci ke kira pankiriyas, yake zuba ruwansa cikin hanjin zomo. Ashe ruwan wannan tsoka ne ke farfasa kitse da mai har jiki ya iya shanye su. Ya bayyana haka a shekarar 1848. Yau an san cewa ruwan nan yana aiki a kan abinci iri uku ɗin duka, wato dangin hatsi da rogo masu sitaci, da maiƙo, da kuma furotin da ke cikin nama da wake da ƙwai da nono.

Amma babban aikinsa shi ne na hanta. A wancan zamani manyan malamai sun tafi a kan cewa tsirrai ne kaɗai ke ƙera sukari, dabba da mutum sai dai su ci su ƙone shi. Shi ma Bernar haka aka koya masa, kuma abin da ya fita nema shi ne wurin da sukari ke ƙarewa a cikin jiki. Ya ciyar da kare da abinci mai zaƙi, ya auna jinin da ke fitowa daga hanta, ya samu sukari, babu mamaki. Sai ya ɗauko wani karen da ba a ba shi komai ba sai nama zalla, yana tsammanin ba zai samu komai ba. Sai ga sukari jingim. Ya sake gwadawa da karnukan da aka hana abinci, nan ma ga shi. Maimakon ya ce ma'auninsa ne ya lalace don ya tsira da mutuncin malamansa, sai ya tsaya a kan abin da ya gani, ya bayyana cewa hanta da kanta take zuba sukari cikin jini. An yi masa ca, an yi ta jayayya shekara da shekaru.

A shekarar 1855 ya yi gwajin da ya rufe bakin masu musu. Ya ciro hantar dabba, ya yi ta tura ruwa ta cikin jijiyoyinta har sai da ruwan ya fito babu ɗigon sukari, ya aje ta. Washegari da ya auna, sukari ya dawo. Ke nan akwai wani abu a ɓoye cikin hantar wanda ruwa ba ya wankewa, wanda yake juyewa ya zama sukari sannu a hankali. A 1857 ya tace wannan abu, fari kamar garin sitaci, ya raɗa masa suna gilikojen, ma'ana mai haifar da sukari.

Bari mu sauko da maganar cikin harshen kasuwa, tare da abin da masana suka ƙara ganowa bayansa. Sukarin da ke yawo cikin jinin babban mutum mai lafiya duka-duka bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba, kusan giram ɗaya a kowace lita. Wannan shi ne canjin aljihu, ba ya kai ko'ina, ga shi kuma ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin kimanin giram 120 a yini. In mutum ya ci tuwo ko ya sha fura, sitacin yana narkewa ya zama sukari, jini ya kwashe shi daga hanji ya bi da shi ta hanta, ita kuma ta ɗebi rara ta ƙulle a sito a matsayin gilikojen, abin da ya kai kamar giram 100. Tsokar jiki ma tana da nata ajiyar, amma don amfanin kanta kawai. Da ciki ya zama wayam sai hanta ta buɗe sito ta riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan, yadda ma'aunin jini ba zai faɗi ba. Sai dai kayan siton nan ba sa wuce kamar yini guda. Tun kafin su ƙare jiki ya fara taɓa babban jari, wato kitse, wanda kowane giram nasa ya ninka na sukari ƙarfi fiye da sau biyu, ita kuma hanta ta shiga ƙera sabon sukari daga wasu abubuwa, ciki har da furotin. To furotin ba shi da sito. In yunwa ta yi tsawo, daga tsokar mutum ake yankowa, kamar ɗan kasuwar da ya karye ya koma sayar da kwanon rufin ɗakinsa. Abin da zomayen kasuwa suka nuna ke nan.

Bernar ya daɗe yana bin sawun ciwon sukari. A 1849 ya soki wani wuri a ƙasan ƙwaƙwalwar zomo da allura, sai ga sukari a fitsarinsa. Ya ɗauka cewa cutar daga hanta take, wato ta buɗe sito ta ƙi rufewa. Ya faɗi rabin gaskiya, domin makullin siton yana hannun pankiriyas ɗin nan da ya sha fiɗa bai gane ba. Sai a 1889 wasu likitoci biyu, Minkoski da Fon Merin, suka cire wa kare ita, ya kamu da ciwon sukari, sannan a 1921 Bantin da Best suka tace sinadarin insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Duk da haka rabin nasa yana nan daram, domin ƙwayar metformin da ake rubuta wa masu wannan ciwo da yawa, babban aikinta shi ne rage sukarin da hanta ke fitarwa. Shi ya sa muke jin takaici in muka ji mutum yana bugun ƙirji wai shi ba zai kamu ba tun da ya daina sa sukari a shayi, alhali yana zaune a rumfa tun safe har dare, ga malmalar tuwon shinkafa, ga lemun kwalba. Kuma shi ya sa mai ciwon zai kwana bai ci komai ba, ya auna da safe ya tarar ya hau. Awo ne kawai ke raba gardama: in aka auna mutum kafin ya karya kumallo aka samu giram 1.26 a lita ko fiye, aka sake aka samu haka, to likita zai ce ciwon ne. Mai shan magani ko mai allurar insulin kuwa, ya ga likitansa kafin azumi ya kama.

Ɗaukaka ta zo wa Bernar daki-daki. A 1854 aka ƙirƙiro masa kujerar farfesa a jami'ar Sorbon, a 1855 ya gaji Majandi, a 1869 sarki Napoliyon na uku ya naɗa shi ɗan majalisar dattawa. Amma shekaru masu yawa a wani ɗakin ƙasa mai danshi da duhu ya yi aikinsa, kuma lafiyarsa ta taɓu. Lokacin da ciwo ya mayar da shi ƙauyensu jinya ne ya rubuta littafinsa na 1865 a kan yadda ake binciken likitanci ta hanyar gwaji, wanda har yanzu ake karantawa. Shi ne kuma ya kafa ra'ayin cewa rayuwa tana dogara ne ga yadda jiki ke riƙe cikinsa a daidai, zafi da ruwa da sukari, komai canjin da ake yi a waje.

Gida kuwa babu zaman lafiya. Yawancin gwaje-gwajen nan a kan dabbobi masu rai ya yi su, da yawa kuma ba tare da maganin sa barci ba. Matarsa ba ta iya jure wannan ba, balle da yake wani lokaci har gida yake zuwa da dabbar da aka yi wa fiɗa. Ta shiga ƙungiyar masu kare haƙƙin dabbobi tana yaƙi da sana'ar da dukiyar ubanta ta raina. Ƴaƴansu maza biyu sun rasu suna jarirai, mata biyun kuma suka bi bayan uwarsu, suka ƙare rayuwarsu wajen kula da karnuka da maguna marasa gata. Aka raba zaman a wajajen 1870, ya koma shi kaɗai. A ganinmu matar nan tana da hujjarta, domin ko mahauci an hore shi ya wasa wuƙa ya sauƙaƙa wa dabba, kuma dokokin bincike na yau ba za su bari a yi yadda ya yi ba.

Kulod Bernar ya rasu a Paris ranar 10 ga watan Fabrairu na 1878, sakamakon ciwon ƙoda, yana da shekara 64. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin jana'izarsa, karo na farko da Faransa ta yi wa wani masanin kimiyya irin wannan karramawa, kuma ɗaya daga cikin jami'o'in birnin Liyon tana ɗauke da sunansa. Dogon wasan kwaikwayon nan da ya kai Paris yana saurayi, wani abokinsa ya buga shi a 1887, tare da gabatarwar da ta zargi matar da yin watsi da mijinta. Ita da ɗiyanta suka kai ƙara kotu, suka yi nasara, aka janye littafin daga kasuwa.