Alfred Binet

Alfred Binet (8 ga Yuli, 1857 – 18 ga Oktoba, 1911) masanin halayyar ɗan Adam ne ɗan ƙasar Faransa. Shi da Théodore Simon ne suka tsara gwajin auna fahimtar yara na farko da ya samu karɓuwa a duniya, wanda ake kira ma'aunin Binet da Simon.

Farkon rayuwa da ilimi

An haife shi a birnin Nice. Mahaifinsa likita ne, mahaifiyarsa kuma mai zane. Ya yi karatun lauya a Paris, ya kammala a 1878, amma bai yi aiki da shi ba. Ilimin halayyar ɗan Adam da kansa ya koya, ta hanyar karance-karance a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. A 1884 ya auri Laure Balbiani, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Madeleine da Alice.

Aiki

Binet ya yi aiki a asibitin Salpêtrière ƙarƙashin Jean-Martin Charcot, inda ake bincike kan sanya mutum cikin wani yanayi mai kama da barci. Shi da Charles Féré sun yi iƙirarin cewa maganaɗisu na iya sauya halin wanda ke cikin wannan yanayi. Joseph Delboeuf na Beljiyam ya nuna cewa marasa lafiyar suna yin abin da suka fahimci ana so su yi ne kawai. Binet ya amsa kuskurensa, ya bar asibitin. Daga nan ya koma lura da yadda 'ya'yansa ke tunani da tuna abubuwa. A 1894 ya zama daraktan ɗakin binciken halayyar ɗan Adam na Jami'ar Sorbonne.

Ma'aunin Binet da Simon

Dokar 1882 ta wajabta karatun firamare a Faransa, sai makarantu suka cika da yaran da ba sa iya tafiya daidai da tsararrakinsu. A 1904 gwamnati ta kafa kwamiti kan lamarin, Binet na cikinsa. Damuwarsa ita ce kada a cire yaro daga aji bisa zaton malami kawai.

A 1905 suka fitar da gwaji mai ayyuka 30, daga masu sauƙi zuwa masu wuya. Akan sa yaro ya bi ashana mai ci da ido, ya nuna sassan jikinsa, ya maimaita lambobi ko jimla bayan ya ji, ya bambance nauyin abubuwa, ya zana siffa daga ka, sannan ya bayyana ma'anar kalmomi. A bugun 1908 an jera ayyukan bisa shekaru, daga 3 zuwa 13. Idan ɗan shekara 8 ya tsaya a ayyukan 'yan shekara 6, an gane yana bukatar taimako na musamman.

Binet bai yarda cewa basira abu ne da ba ya sauyawa ba. Yana ganin horo na iya ƙara ta, har ya tsara atisayen ƙarfafa mai da hankali.

Rasuwa da tasiri

Ya rasu a Paris yana da shekara 54, a shekarar da bugu na uku ya fito. A 1916 Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya sake fasalin gwajin a Amurka da sunan Stanford-Binet. A can wasu sun yi amfani da sakamakonsa wajen yanke wa mutane hukuncin ƙarancin basira na gado, saɓanin manufar Binet. Har yau maimaita lambobi na cikin gwaje-gwajen da likitoci ke auna ƙarfin tunawa da su.