Malam Muhammadu Alkashinawi: Bakatsinen Da Ya Yi Fice A Ilmin Lissafi

A fitowar bana mun zaɓi mu tuna da wani bajimin malami na ƙasarmu ta Katsina wanda Misirawa suka riƙe sunansa fiye da yadda mu muka riƙe, wato Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Allah ya jiƙansa. Ya tashi a zamanin sarakunan Haɓe, bayan su Wali Ɗanmarina da Ɗanmasani sun ɗaukaka sunan Katsina wajen ilmi. Ya yi karatu a hannun malaman ƙasashenmu, ciki har da Shehu Muhammadul Wali na Bagirmi, kana ya nufi gabas domin sauke farali, daga bisani ya zauna a birnin Alƙahira.

A shekarar 1732 ya rubuta littafinsa na Larabci mai suna Bahjatul Afaƙ, wanda ya yi bayanin ilmin aufaƙi, abin da malamanmu suke kira hatimi. Asalin ilmin shi ne sanin halin kowane adadi. Adadi ko dai shafa'i ne mai rabuwa biyu daidai, ko wutiri mai barin saura ɗaya, wato cika da mara. Malam ya ba da ƙarfi ga hatimin wutiri, mai gida uku-uku ko biyar-biyar ko bakwai-bakwai, wanda yake da gida guda a tsakiya.

Ga misali: a jera 4, 9, 2 a sama, sai 3, 5, 7 a tsakiya, sai 8, 1, 6 a ƙasa. Ko a tsaye aka tara, ko a kwance, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Dalili kuwa shi ne, jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, in an kasa ta layi uku kowane layi ya tashi da 15. Haka nan jimlar 1 zuwa 25 ita ce 325, saboda haka kowane layi na hatimin biyar-biyar 65 ne. Malam ya shimfiɗa ƙa'idojin cike waɗannan gidaje daki-daki, yadda ɗalibi ba zai dogara da kirdado ba.

Ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti, wanda ya bar wa littattafansa, aka rufe shi a Alƙahira. Ɗan wannan maigida, Abdurrahman Aljabarti, shi ne mashahurin marubucin tarihin Misira da ya adana labarinsa. A 1973 kuma Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da aikinsa a littafinta Africa Counts.

'Yan'uwa mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, wannan tarihi tunatarwa ne gare mu. Tun sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, iyaye da yawa a yankinmu, daga 'Yargoje har Faskari da Sabuwa, suka shiga ɗari-ɗari da tura yara makaranta. Yaron da ya bar aji bai iya kasafi ba, da wuya ya dawo ya koya. Wajibinmu ne mu tallafa wa malaman lissafi da suka daure suka zauna a gida, mu sayi littattafai, mu biya wa marayu kuɗin jarrabawa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya fitar mana da magadan Malam Muhammadu daga cikin 'ya'yanmu, amin.