Ferruccio Lamborghini: Bakaniken Da Kuloci Ya Harzuƙa

Da wuya a samu ɗalibin da bai taɓa jin sunan Lamborghini ba. Wasunmu ma hotonta ne a fuskar wayarsu, alhali ko keke ba su ajiye ba. Amma kaɗan ne suka san cewa mai wannan suna bakanike ne ɗan makarantar koyon sana'a, wanda ya yi arziki da motar noma, kuma son kwance tsohuwar mota da ɗaure ta ne ya kai shi inda ya kai.

An haifi Ferruccio Lamborghini ranar 28 ga Afrilu, 1916, a ƙauyen Renazzo da ke arewacin Italiya. Iyayensa manoman inabi ne. Shi kuwa tun yana yaro injinan gona suka fi ɗaukar hankalinsa a kan gonar kanta, don haka aka kai shi makarantar fasaha ta Fratelli Taddia, kusa da birnin Bologna. A 1940, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, aka ɗauke shi aikin sojan sama, aka tura shi tsibirin Rodos ya kula da motocin sojoji. A can ne hannunsa ya faɗa sosai. Tsibiri ne, ga yaƙi, kayan gyara ba sa zuwa. Dole a ciro na wannan mota a sa wa waccan, wanda babu kuma a ƙera shi. Da tsibirin ya faɗa hannun Birtaniya a 1945 sai aka tsare shi, bai koma gida ba sai a shekarar da ta biyo baya.

Ya dawo ya yi aure, ya buɗe gareji a garin Pieve di Cento. A 1947 matarsa Clelia ta rasu wajen haihuwar ɗansu Tonino. A wannan tsakanin ne ya sayi wata tsohuwar Fiat Topolino, 'yar ƙurungun mota ta zirga-zirgar cikin gari. Duk lokacin da ya samu sarari sai ya duƙufa a kanta: ya ƙara wa injinta girma zuwa cc 750, ya yanke rufin, ya mayar da ita mai kujera biyu. A 1948 ya shiga da ita tseren Mille Miglia, tseren mil dubu da ake yi a kan titunan Italiya, daga Brescia zuwa Rum a dawo. Ya ci wajen kilomita 1,100, sai motar ta ƙwace masa ya afka wa wani gidan abinci. Daga ranar tsere ya fita masa a rai, har ta kai ko da ya kafa kamfanin mota bai yarda ya sa shi a gasa ba. Son injin dai bai bar shi ba.

Abin da ya kawo masa kuɗi daban ne. Bayan yaƙi manoman Italiya na neman tarakta ido rufe, ga kuma tulin motocin soja da aka watsar. Sai ya riƙa sayen injinan manyan motocin Morris yana harhaɗa tarakta da su, ya sa mata suna Carioca. Ya ƙera mata wata 'yar na'ura da ke sa a tayar da inji da fetur, in ya yi zafi a juya shi zuwa mai mai arha. Ga manomin da fetur ya yi wa tsada, ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. A 1948 ya kafa kamfanin Lamborghini Trattori, daga baya ya ƙara da na'urorin ɗumama ɗaki da na sanyaya shi.

Da kuɗi suka zauna sai ya koma wa abin da ransa ke so. Ya tara Alfa Romeo da Lancia da Maserati da Jaguar da Mercedes 300SL, a 1958 kuma ya sayi Ferrari 250 GT. To, a nan ne bambancinsa da sauran masu kuɗi ya fito. Su in mota ta lalace sai su aika da direba gareji, su biya abin da aka ce. Shi kuwa kunne yake sawa ya saurari inji, ya buɗe bonet ya duba da kansa. Ferrari ɗin tana da gudu, amma tana da ƙara, cikinta ba daɗin zama, uwa uba kulocinta ba ya jure ƙarfin injin, kullum cikin ƙonewa yake. Ya gaji da jelen kai ta Maranello, inda masana'antar Ferrari take. Kamar yadda tsofaffin ma'aikatansa ke ba da labari, da ya sa aka kwance kulocin a garejinsa sai aka tarar irin wanda suke sa wa tarakta ne, kuɗin ne kawai aka ninka. Ya je ya kai ƙorafi wajen Enzo Ferrari da kansa, shi kuma ya watsa masa ƙasa a ido, ya nuna masa iyakarsa tarakta.

Wani da sai ya sayar da motar ya huce. Shi sai ya gyara ta yadda yake so, sannan a 1963 ya kafa masana'antar mota a Sant'Agata Bolognese, ba nisa da Maranello. Ya ɗauko Giotto Bizzarrini, tsohon injiniyan Ferrari, ya tsara masa inji mai silinda 12. Motar farko da ya nuna a baje kolin Turin na wannan shekara ko inji babu a cikinta, don kafiretocin sun yi wa bonet ɗin tsawo. Rufe shi aka yi ruf, aka sa kaya masu nauyi don motar ta zauna daidai. A 1964 aka fara sayar da 350 GT, mota mai gudu wadda kuma ba ta gajiyar da mai ita a doguwar tafiya. Tambarin bijimi ya ɗora mata, domin yana sha'awar bijiman Sifaniya.

Wadda ta ɗaga sunansa a duniya ita ce Miura ta 1966, kuma aikin matasa ce. Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani da Bob Wallace, babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, su suka riƙa zama bayan an tashi aiki suna tsara motar da injinta ke kwance a gicciye a bayan direba. Maigidan bai faye son motar da ta yi kama da ta tsere ba, amma ya ƙyale su. Marcello Gandini, ɗan shekara 27, ya zana jikinta. Ba a ƙera 800 ba ma, shi ya sa masu riƙe da ita yau suke lallaɓa ta kamar ƙwai. Riƙon nata kuwa ba na malalaci ba ne. Kafireto huɗu gare ta, sai an saita su sun zo daidai da juna, in ba haka ba inji ya riƙa tari. A yawancinsu inji da giya bakin mai ɗaya suke sha, saboda haka wasa da canjin mai ganganci ne. Tankin fetur kuma a gaba yake, in ya kusa ƙarewa ana tsala gudu sai gaban motar ya yi sakayau. Tun 2015 kamfanin ya buɗe sashe na musamman, Polo Storico, don farfaɗo da irin waɗannan tsofaffin motoci.

Duniya dai rawar 'yanmata ce. A 1971 aka yi juyin mulki a Bolibiya, sabuwar gwamnati ta soke wata babbar odar tarakta da aka riga aka ƙera. Dole ta sa ya rabu da kamfanin taraktan, ya koma hannun SAME. A 1972 ya sayar da kashi 51 cikin ɗari na kamfanin motar, tsadar man fetur ta 1973 ta ƙara karya kasuwa, a 1974 ya sayar da sauran. Ya koma gona a gefen tafkin Trasimeno, ya kama noman inabi irin na iyayensa. Ya rasu a Perugia ranar 20 ga Fabrairu, 1993, yana da shekara 76. Kamfanin yana hannun Audi tun 1998.

'Yan'uwa ɗalibai, abin lura a nan shi ne, masu Ferrari da yawa kulocinsu ya ƙone a wancan zamani, amma wanda ya iya riƙe sifana ne kaɗai ya gano abin da ke ciki. Don haka in aka shiga wakshof, a daina laɓewa a bayan abokai ana jiran wani ya taɓa bakin mai a kwafi rahotonsa.