TARIHI: Nana Asma'u, 'yar Shehu da ta kwashe tsufanta tana rubuta sunayen waɗanda suka riga ta

An haifi Nana Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir, wajen shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, mahaifiyarsu Maimuna, mahaifinsu Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ƙuruciyarta a sansanin yaƙi ta ƙare: nasarar Tabkin Kwatto, asarar Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama, yunwa da ƙaura, har zuwa faɗuwar Alkalawa da kashe Sarkin Gobir Yunfa a 1808. Kufan wannan birni na nan a yankin Sabon Birni har yau.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci. A 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a siyasance, domin waƙar gargaɗi ce ga masu mulki da alƙalai a kan zalunci da cin dukiyar talaka. Muddin tana cikin Fulatanci, 'yan gida ne kawai ke jin ta. Da ta koma Hausa, talakan da ake mulka shi ma ya san ma'aunin da zai auna shugabansa da shi.

Sai dai Asma'u 'yar ɓangaren da ya ci yaƙi ce, kuma ba ta ɓoye hakan ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, aka kashe Sarkin Gobir Ali, ta yi waƙar murnar nasara. Gobirawa suna da tasu riwayar ta wannan rana, kuma ba ta murna ba ce.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1837, Bello ya rasu a Wurno. Daga nan rayuwarta ta juya. Mahaifinta da Hassan sun riga sun tafi tun 1817, baffanta Abdullahin Gwandu ya bi su, Giɗaɗo kuma ya rasu wajen 1850. Mutanen da suka ga Degel da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana nan, tana yi musu marsiyya.

Kukan tsufa tsohon fage ne a adabin duniya. Cicero na Rum ya rubuta littafi a kansa a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, yana kare tsoho da cewa ƙarfin jiki ne ya ragu, shawara na nan. Mawaƙin Jamus Walther von der Vogelweide, a ƙarni na 13, ya yi waƙar makoki a kan shekarunsa da suka salwanta da ƙasar da ya daina ganewa. Dukansu biyu tsohon ne a tsakiyar magana. Asma'u kuwa kusan kullum wani take sa wa a gaba, nata tsufan sai a tsinkaye shi daga yawan makokin da ta yi.

Abin lura shi ne waɗanda ta zaɓa. Ta yi wa Bello da Giɗaɗo marsiyya, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace mai haƙuri da kyautata wa dangi. Ta yi wa aminiyarta A'isha, matar Bello, a tsakiyar shekarun 1850, kuma a nan ne baƙin cikinta ya fi fitowa fili. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zama wurin mata masu naƙuda, take kuma wankan gawa. Ta yi wa Hawa'u, jajin da ta yi shekaru tana kawo mata ɗalibai daga ƙauye. A marsiyyar Bello ma, iliminsa da adalcinsa da tausayin talaka ta fi jaddadawa, wanda ke nuna tana magana ne da magadansa da ke raye. Tarihin sarauta ba ya ajiye sunan unguwarzoma. Da ba don alƙalaminta ba, da babu wanda zai san an yi waɗannan mata.

Jajin nan su ne ginshiƙin 'Yan Taru, tsarin karantar da matan karkara da ta kafa a ƙarshen shekarun 1830. Tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana ke yin tafiyar, tunda matan aure na gida, su haddace waƙoƙin koyarwa su koma su karantar. Ta mayar da tsufa lasisin fita neman ilimi. Malfar da take ɗora wa jaji kuwa alama ce da aka san Innar Gobir da ita, shugabar bori a masarautar da aka rusa. Asma'u ta fahimci cewa matan da yaƙi ya tarwatsa, ciki har da waɗanda aka kamo, ba za a jawo su da takobi ba, sai da alamar da suka saba girmamawa.

A ƙarshen rayuwarta, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni, wani reshe na Gobirawa ya dawo bakin tsohuwar ƙasarsa bisa yarjejeniya da Sakkwato. Wannan yanki ne, daga Gangara zuwa Isa, 'yan bindiga suka cika da zawarawa da marayu a 'yan shekarun nan, mafi yawan mamatansa kuma adadi kawai ake bayarwa a labarai.

Asma'u ta rasu a 1864 tana da kimanin shekara 71, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru. Rubuce-rubucenta sun tsira a gidan Waziran Sakkwato, zuriyarta, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su suka buga a 1997.