Amadu Kuran Daga da Yaƙin Tirmini

Duk wanda ya fito daga Damagaram ya bi hanyar Maraɗi, bai yi nisa ba zai iske Tirmini. A nan ne aka yi yaƙin da ya karya ƙarfin sarautar Damagaram, a shekarar 1899. Sarkin da ya ja daga a ranar shi ne Amadu, wanda ake yi wa laƙabi da Kuran Daga. Daga ita ce fagen fama, wurin da maza suke tsayawa su fuskanci abokan gaba.

Amadu ɗan Sarki Tanimu ne. Tanimu shi ya ɗaukaka Damagaram. Ya kewaye Birni da ganuwa. Ya tara bindigogi, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin gari, ana kuma haɗa albarushi. Amadu ya hau gadon sarauta a 1893, bayan Sulaiman ɗan Aisa. Ya gaji dawaki, ya gaji ƴan bindiga, ya gaji suna. Ya kai yaƙi har ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. Irin yaƙin da ya sani ke nan: a buga tambari, a hau, a haɗu a fili.

A 1898 wani hafsan sojan Faransa mai suna Kazamaju ya sauka Damagaram da ƴan rakiyarsa. Gabas ya nufa, wajen tafkin Cadi, inda Rabe yake da ƙarfi. Rabe kuwa ya riga ya ci Barno. Mutanen fada suka ji tsoro kada Bature ya haɗa kai da shi, su juyo kan Damagaram. Ranar 5 ga watan Mayu aka kashe Kazamaju da tafintansa. Daga nan Faransa ta ƙulla shi a zuciya.

Shekara na zagayowa wata runduna ta taso daga yamma. Bule da Shanwan ke jan ta. Sun ƙona garuruwa, sun kashe mutane ba adadi. Birnin Ƙwanni ya sha wuya ƙwarai a hannunsu, ga shi kuwa gari ne mai ganuwa. A watan Yuli 1899 sojojinsu da kansu suka harbe su biyun a ƙasar Tasawa. Amma rundunar ba ta watse ba. Wani hafsa, Paliye, ya karɓi jagora, suka ci gaba da tafiya. Turawan ƴan kaɗan ne. Yawancin masu riƙe da bindigar baƙar fata ne, an ɗebo su daga ƙasashen yamma.

To, a nan sai mu tsaya mu duba. Me ya rage wa sarki? Ya rufe ƙofofi ya zauna cikin Birni? Baƙin suna da igwa, kuma ganuwa ba ta ceci Ƙwanni ba. Ya bar gari ya shiga daji? Akwai wadda ta yi haka. Da rundunar nan ta isa Lugu a watan Afrilu, Sarauniya Mangu da maharbanta sun yi faɗa, sannan suka janye cikin kurmi inda doki da igwa ba su da amfani. Sun kashe wasu sojoji, ita kuma ba a kama ta ba. Wannan shi ne yaƙin sunƙuru, ko sari-ka-noƙe. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya tsayawa gaba da gaba. Yana kwanton ɓauna, ya tare hanya, ya hana ruwa da abinci, ya gajiyar da mai ƙarfi.

Sai dai a ganina abin da ya yi wa mai ƙauye sauƙi, yana da wuya ga mai birni. Amadu yana da fada, da kasuwa, da fatake masu zuwa daga Agadas da Kano. Wa zai bar wa su? Kuma mutumin da ake kira Kuran Daga, yaya zai noƙe tun ba a gwada ba?

Ya fita ya tare su a Tirmini, a ƙarshen watan Yuli. Bindigar Damagaram sai an ɗura ta kafin kowane harbi. Ta baƙi kuwa tana kai wa nesa, tana harbi a kai a kai. Kafin mahayi ya iso da mashinsa, harsashi ya riga shi. Rundunar sarki ta karye, Faransawa suka shiga Birni. Suka naɗa ɗan'uwansa, Amadu ɗan Basa, a kan gado.

Kuran Daga bai miƙa wuya ba. Ya shiga ƙauyuka da sauran mutanensa, ana farautarsa wajen wata ɗaya da rabi. Amma dakaru sun watse, gari yana hannun wasu. A watan Satumba 1899 aka cim masa a Rumji, aka kashe shi.

Wanda aka naɗa ma bai daɗe ba. A 1906 Faransawa suka zarge shi da shirya tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa. Barikin da suka gina a kan dutse a Damagaram, sunan Kazamaju suka sa masa. Daga baya aka sa wa babbar makarantar lise ta garin sunan Amadu Kuran Daga.